Tsuntsuwar Tashar Wakrah

Ɗalhatu ya fi son tashar masunta ta Wakrah a watannin sanyi, lokacin da hazo mai laima ke kwanciya a kan teku, jiragen katako su riƙa ɓullowa daga cikinsa a hankali, ana ganin hancinsu kafin a ji injinsu. Direba ne. Kamfanin da ya kawo shi daga Nguru yana kai wa gidajen abinci kifi, shi kuma aikinsa ya iso da farar mota mai firij bayan sallar asuba, a loda masa, ya rarraba a cikin Doha kafin rana ta take. Shi ma ɗan masunci ne, amma a kifin nan babu wanda ya sani. Ba tarwaɗa, ba karfasa, sai waɗansu masu ɗigo-ɗigo da manyan idanu. Ƙarnin ne kawai iri ɗaya, kuma saboda ƙarnin nan ne bai taɓa neman a canza masa aiki ba.

Wata safiya ana cikin lodi ya ji wani siririn kuka daga wajen duwatsun da aka jibge don tare igiyar ruwa. Ya san kukan. Ya tsaya da kwali a hannu yana tunanin inda ya san shi, sai ya tuno: a kwale-kwalen mahaifinsa ne, da sanyi, lokacin da baƙin tsuntsaye ke cika fadamar Nguru. Akwai wani mai farin ƙirji da baƙin zane a ido kamar ya sa kwalli, wanda ke tsayawa cak a sama, ya faɗo cikin ruwa da ƙafafu, ya tashi da kifi. Shahon ruwa suke ce masa.

Ya ajiye kwalin ya bi duwatsun. A can ya sami wata tsuntsuwa irin wannan, tsakanin duwatsu biyu, zaren fatsa ya naɗe mata fiffike ɗaya ya ɗaure shi da ƙafa, ƙugiya ta shige cinyarta. Duk sa'ad da ruwa ya taso sai ya jiƙa ta ya koma. Ta gaji har ta daina bugun fiffike, amma idanunta rawaya ne garau, kuma a kansa suke. A saman wani dogon ƙarfe mai fitila a ƙarshen duwatsun, inda aka tara ƙirare aka yi babbar sheƙa, wani irinta yana zaune yana ta wannan kukan.

Ɗalhatu ya tuɓe rigarsa ta sanyi ya lulluɓe ta. Ta cikin rigar ta damƙe masa dantse da farata, ya ji zafin har ƙwaƙwalwa, amma bai saki ba. Wani dattijo Balarabe mai jirgi ya yanke zaren da wuƙa, ya kwatanta masa wani gida a kudu da gari inda ake jinyar irin waɗannan tsuntsaye. Ya ce, "Yalla, kada ka tsaya. Kifinka ba zai lalace a firij ba, ita kuwa ba ta da wannan lokacin."

Gidan yana bayan wata katanga fara, da bishiyoyin magarya a tsakar gidan. Wata budurwa da hijabi ruwan toka da takalmin roba ta buɗe masa ƙofa. Ta yi masa magana da Turanci, ya amsa da abin da ya iya. Da zai ajiye kwalin a kan tebur sai dantsensa ya gogi baki, ya ce, "Wash, Allah na!"

Ta ɗago kai da sauri. "Bahaushe ne?"

Sunanta Rahmat, 'yar Zariya, tana karatun digiri na biyu a kan halittun bakin teku, kuma duk ranar da ba ta da aji a nan take yini, aikin sa kai. Ta kira likitan gidan, Likita Rashad, wani dogon mutumin Sudan mai furfura a gemu da magana ƙasa-ƙasa. Ya sa wa tsuntsuwar wata 'yar hular fata da ta rufe mata idanu, nan take ta yi lamo. Ya cire ƙugiyar, ya ɗinke wurin, ya buɗe fiffiken a hankali yana girgiza kai. Ƙashi bai karye ba, amma zaren ya yanka nama, manyan gashin fiffiken kuma da yawa sun kakkarye. Mace ce, in ji shi. Wanda Ɗalhatu ya ce yana kuka a kan ƙarfe kuwa, mijinta ne.

Rahmat ta wanke wa Ɗalhatu dantse ta sa masa magani. "Malam Ɗalhatu, ka kyauta. Amma in gaya maka gaskiya, irin waɗannan wuyar jinya gare su. Ciwon ba shi ne abin tsoro ba. Abinci suke ƙi."

"To me ake ba su?"

"Kifi. Sabo, in an samu."

Ya yi dariya. "Malama, ai motar da ke ƙofar nan cike take da shi."

Ranar Juma'a ce ranar hutunsa. A da, in an sauko daga masallaci yakan shiga bas zuwa Corniche, ya zauna a bakin ruwa yana kallon dogayen gine-ginen da ke can tsallake har magariba. Juma'ar da ta biyo ya tashi da sassafe ya karɓi kifi wurin dattijon nan mai jirgi, ya nufi gidan tsuntsaye. Ya ce duba ta kawai ya zo yi. Kafin azahar yana riƙe da tsintsiya.

Haka ya shiga aikin, ba wanda ya ce masa zo. Ya koyi wanke ɗakuna ba tare da ya tayar da masu ciki ba. Ya koyi yanka nama ƙanana-ƙanana, da yadda ake riƙe tsuntsu da tawul, bayansa a ƙirjinka, ƙafafunsa a tsakanin yatsunka, har ka ji zuciyarsa tana bugawa a cikin tafin hannunka. Akwai wata mikiya da wayar lantarki ta ƙona wa ƙafa, tana zaune ita kaɗai a babban ɗaki kamar tsohuwar da 'ya'yanta suka yi nisa. Akwai mujiya mai ido ɗaya. Akwai ƙananan shahuna da suka bugi gilashin gine-gine a unguwar Al Mirqab, masu gadi suka tsinto su a bakin ƙofa. Kowa a gidan a hankali yake tafiya, a hankali yake magana. An saka fararen labule a tagogi, hasken da ke ratsowa sai ya zama kamar na cikin ruwa, kuma in iska ta motsa labulen, inuwar ganyen magarya ta riƙa yawo a bango. Ɗalhatu ya shekara biyu a Doha cikin ƙarar injin da hon da fankar ɗakin kwana na mutum shida. Bai san kunnuwansa sun gaji ba sai da ya shigo nan.

Tsuntsuwar da ya kawo kuwa ta ƙi ci. An ajiye mata kifi a gabanta, ko kallonsa ba ta yi. Likita Rashad da Rahmat suna kama ta su ɗura mata ta baki don kada ta mutu, in sun sake ta sai ta koma kan kututturenta ta juya wa ƙofa baya. An hana kowa tsayawa a gabanta. Likita ya ce ba a so ta saba da fuskar mutum, domin ranar da za ta koma teku tsoron mutum ne zai tsare ta. Don haka Ɗalhatu ta wata 'yar ɓula a jikin labule yake leƙa ta.

Sauran kwanakin mako kuma yana ganin mijin. Kullum da asuba yana kan ƙarfen nan, yana kuka yana duban kudu da arewa. Wani lokaci ya kamo kifi ya kawo sheƙar, ya tsaya da shi a ƙafa, ba ya ci, har tsuntsayen teku su taru a kansa. Ɗalhatu ya ga shi kaɗai ne a duniya yake ganin su biyun, wannan da safe, waccan ranar Juma'a, kuma babu yadda zai gaya wa ɗaya labarin ɗaya.

Matarsa Asabe tana Nguru da 'yarsu Jannat, wadda ya baro tana rarrafe. Ba kullum suke samun magana kai tsaye ba, sai dai saƙon murya. Asabe takan aiko masa da dogon saƙo tana shara ko tana dama kunu, ya riƙa jin tsintsiya da kaji da muryar Jannat a baya, ya saurara a mota sau da yawa har ya haddace. Wata safiya yana cikin sauraron irin wannan saƙo, idonsa a kan ƙarfen fitila, sai ya kashe, ya fita, ya bi duwatsun har ƙarshe, ya ɗaga wayarsa sama ya ɗauki kukan.

Da ya kunna wa Rahmat ranar Juma'a sai da ta rufe baki da hijabi don dariya. "Saƙon murya ka kawo mata?"

"Malama, ni dai na ga yana yi mini amfani."

Suka je wurin Likita Rashad. Ya saurara, ya shafa gemu. Ya ce bai san ko zai taimaka ko zai firgita ta ba, amma a gwada, a rage sautin. Ya ƙara da cewa Rahmat ta daɗe tana so a gwada mata kifi mai rai a cikin ruwa, ba a samu mai kawowa ba. Mako na gaba Ɗalhatu ya zo da bokiti a tsakanin ƙafafunsa a cikin bas, ruwa yana fallatsa masa a wando, fasinjoji suna kallonsa.

Suka zuba ruwan da kifin a babban baho, suka tura shi cikin ɗakinta, suka fito. Ɗalhatu ya zauna a ƙasa a bayan labule, ya jingina da bango, ya kunna wayar. Kukan ya fito siriri, da ƙarar igiyar ruwa a bayansa. Ta ɓular ya ga ta juyo da kai, gashin ƙeyarta ya mimmiƙe. Ta buɗe baki ta amsa sau ɗaya, muryar a dishe. Daga nan shiru. Ba ta sauko ba.

Ya zauna yana jira. Rana ta ɗaga, ɗakin ya yi ɗumi, hasken ruwan bahon yana rawa a silin. Tun asuba yake a tsaye, idanunsa suka yi nauyi. Sai ga shi a kwale-kwale, mahaifinsa a baya yana tura gora, suna ratsa wata hanyar ruwa da kacala ta rufe gefe da gefe. Amma da suka fito fili sai ya ga gine-ginen Doha tsaye a cikin fadamar, bado ya kewaye su, shanun Fulani suna shan ruwa a gindinsu. Asabe tana zaune a hancin kwale-kwalen ta ba shi baya, tana tsefe wa Jannat kai. Ya kira ta, ba ta ji ba. Ya miƙa hannu zai taɓa kafaɗarta, wani abu ya faɗa ruwa kusa da su, tsulum, ruwan ya watso masa a fuska.

Ya farka, fuskarsa a jiƙe da gaske, ƙasan labulen ma ya jiƙe. Ya sa ido a ɓular. Tana tsaye a bakin bahon, kifi a ƙarƙashin ƙafarta yana bugun wutsiya, ta sunkuya tana yagarsa daga kai. Rahmat tana bayansa a tsaye, bai san lokacin da ta zo ba, hannunta biyu a kan baki. Suka tsaya suna kallo har ta cinye.

Daga baya sun yi ta musu, ita ta ce bahon ne, shi ya ce saƙon ne. Likita Rashad ya ce yunwa ce.

Daga ranar ta fara murmurewa. Ciwon cinya ya rufe, aka mayar da ita dogon ɗakin da ake koya musu tashi, tana tsalle daga wannan katako zuwa wancan, amma fiffiken mai karyayyen gashi ba ya ɗaukarta da nisa.

A cikin waɗannan makonni ne Ɗalhatu ya iso tasha wata safiya ya ga tsuntsaye biyu a kan ƙarfen fitila. Ya ɗauka hazo ne ke yi masa wasa da ido. Ya matsa kusa. Wata ce daban, babba, da duhun ƙirji, tana gyara ƙirare a cikin sheƙar kamar a nan aka haife ta. Mijin ya dawo da kifi, ya ajiye a gabanta, ta karɓa.

Ɗalhatu ya tsaya har mai lodi ya ƙwala masa kira. Ranar nan ya wuce kwanar wani gidan abinci da ya saba kai wa kaya, sai da ya zagayo. Bai gaya wa Rahmat ba. Juma'a ta zo ya yi shara, ya yanka nama, ya leƙa ta ɓula, bai kunna wayar ba.

Da yamma saƙon Asabe ya shigo. Tana ba shi labarin Jannat ta koyi cewa a'a, komai aka ce mata a'a ne. A bayan muryarta ya ji muryar namiji, ya ji an ce wani abu, Asabe ta yi dariya kafin ta ci gaba. Ya mayar da wurin ya sake ji. Ya sake. Sannan ya danna ya yi magana, muryarsa ba irin tasa ba: "Wane ne wannan a gidan? Na ji kina ta dariya."

Amsa ta zo gajeriya. "Yaya Salisu ne, ya zo gyara mana ƙyauren da na gaya maka ya ɓalle. Baban Jannat, ni kake tambaya haka?" Yaya Salisu wanta ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Daga nan ba ta sake aiko da komai ba. Ya tura gaisuwa, ya ga ta ji, ba amsa. Kunya ta hana shi kira, ya bar abin yana kwana yana tashi da shi.

Ranar da za a gyara fiffiken, Likita Rashad ya ce Ɗalhatu ne zai riƙe. Aka sa mata hula, aka shaƙa mata maganin barci, ta yi laushi a hannunsa. Likita ya jawo wata faffaɗar durowa cike da gashin tsuntsaye, kowane iri a jere, na dama daban na hagu daban. Ya zaɓo na wani shahon ruwa da aka taɓa kawowa bai rayu ba. Ya yanke karyayyen gashinta kusa da tushe, inda yake da rami kamar kara, ya fiƙe tsinken gora ya shafa masa gam, rabi ya shiga tushen, rabi ya shiga sabon gashin. Ya daidaita, ya hura, ya ɗauki na gaba. Rahmat tana miƙa masa kaya. Ba a jin komai sai numfashin tsuntsuwar da kukan kurciya a kan magarya. Ɗalhatu yana kallo fiffiken yana cika a hankali, har da Likita ya buɗe shi gaba ɗaya a ƙarƙashin fitila, ba ka bambance nata da na aro.

"Zai riƙe har ta zubar ta fitar da sabo," in ji Likita. "Nan da ɗan lokaci sai gida. Mijin yana nan?"

Ɗalhatu ya gyara riƙon tsuntsuwar. Rahmat ta dube shi. "Malam Ɗalhatu?"

"Yana nan," ya ce. "Amma ya kawo wata."

Likita bai yi mamaki ba. Ya ce lokacin ƙwai ne, ba ya jira, kuma tsuntsun ya jira fiye da yadda wasu ke yi. Ya ce tunda haka ne ba za a sake ta a tashar ba, za a yi faɗa, ita kuma yanzu ta tashi daga ciwo. Akwai wani wuri a kudu, inda bishiyoyi ke tsiro a cikin ruwan gishiri, kifi da yawa, mutane kaɗan.

"Amma Likita, gidanta ne," in ji Ɗalhatu. Hausa ta ƙwace masa, sai da Rahmat ta fassara. "Ita ta tara ƙiraren nan. Ba guduwa ta yi ba, ciwo ne ya ɗauke ta. A ce ta warke kuma a kai ta wani wuri kamar ita ce mai laifi?"

Likita ya saurari fassarar har ƙarshe, ya dafa kafaɗarsa. Ya ce tsakanin wurin nan da tashar, a wurin mai fiffike, ba nisa ba ne. In tana so za ta je. Su dai nasu su buɗe ƙofa.

Da suka fito tsakar gida Rahmat ta tsaya tana wanke hannu a famfo. Ba ta dube shi ba ta ce, "Kwana biyu ba ka ba ni labarin Jannat ba. Lafiya dai ko, a gida?"

"Lafiya lau."

"To Allah ya sa. Ni dai in na yi fushi da mutanen gidanmu, saƙo ba ya sauko da ni. Sai an kira."

Aka sake ta wata Juma'a da hantsi. Ruwa ya janye, ya bar laka mai sheƙi, bishiyoyin suna tsaye a kan saiwoyinsu, can nesa teku da sama sun haɗe ba a ganin iyaka. Likita ya sa mata ƙaramin zoben ƙarfe a ƙafa. Ɗalhatu ya riƙe ta da safar fata, ya juya ta wajen iska, Rahmat ta zare hular. Ta ƙifta ido. Ta kalli ruwa, ta kalli sama, ba ta kalle shi ba ko sau ɗaya. Ya buɗe hannuwansa. Nauyin ya bar shi a lokaci guda har ya yi taga-taga. Ta yi ƙasa-ƙasa kamar za ta taɓa laka, sannan fiffiken aron ya kama iska, ta hau, ta girgiza jiki a sama yadda suke yi in sun fito daga ruwa. Ta zagaya a kansu, ta ƙara hawa, ta zama ɗigo, ɗigon ya narke a cikin haske.

"Khalas, shi ke nan," in ji Likita Rashad a hankali.

Washegari Ɗalhatu ya riga kowa zuwa tasha. Biyu ne a kan ƙarfe. Ranar da ta biyo ma haka. Ya fara gaya wa kansa cewa ta zauna a kudu, hakan ma alheri ne. Sai wata safiya mai hazo, an gama lodi yana rufe bayan mota, ya ji kuka ya kaure a sama. Ya ɗaga kai. Uku ne. Ta ukun tana zagaya ƙarfen daga nesa, da ta karkata sai wani abu ya ƙyalla a ƙafarta. Mijin ya miƙe a bakin sheƙa yana kuka, bai tashi ba. Sabuwar ce ta tashi, ta yi kanta, suka shige cikin hazo, suka ɓullo, suka sake shigewa. Da suka rabu, sabuwar ta koma ta kwanta a kan sheƙar.

Mai zoben ba ta tafi nan take ba. Ta zo ta tsaya cak a sama, daidai kan ruwan da ke tsakanin jirage biyu, tana kaɗa fukafukai, kanta a sunkuye. Ta naɗe su ta faɗo. Ruwa ya tashi fari. Masunta suka daina abin da suke yi. Ta fito da ƙyar, da kifi mai tsawo a ƙafafunta, ta juya kansa gaba, ta nufi kudu tana tafiya ƙasa-ƙasa a kan ruwa, ba ta waiwayi ƙarfen ba.

Dattijon nan mai jirgi ya ɗaga hannu daga inda yake. "Taka ce?"

"Ita ce," in ji Ɗalhatu.

Ya shiga mota ya zauna, bai tayar ba. A Nguru yanzu gari ya fara wayewa. Ya kira. Ta daɗe tana ƙara kafin a ɗauka.

"Asabe, ni ne. Kada ki kashe. Ki yi haƙuri da maganar da na yi. Ban kyauta ba."

Ya matsa wayar a kunne. Yana jin zakara a can.

"Me na taɓa yi maka da za ka yi mini wannan tambayar?"

"Ba ki yi komai ba. Bari in gaya miki abin da ya faru." Ya ba ta labarin tun daga duwatsu: zaren fatsa, baho, durowar gashi, ta biyun da ta zo ta zauna a sheƙa. Bai taɓa gaya mata ba, don yana ganin za ta ce ya rasa abin yi. Ta saurara ba ta katse shi ba.

Da ya gama ta ce, "Yanzu saboda tsuntsu ka yi mini haka?"

"Saboda tsuntsu."

Ta fashe da dariya, dariyar ta yi tsawo, can kuma ya ji ta koma wani abu daban, tana jan hanci. "Baban Jannat, in ma kwatancen za ka yi, ai namijin ne ya kawo wata. Ni ya kamata in tambaye ka."

Bai taɓa duban abin ta nan ba. 

"Ka zo gida," ta ce. "Yarinyar nan in an ce ina Baba, waya take nunawa. Ka zo kafin damina, ko na wata ɗaya ne."

A ranar, bayan ya gama rabon kifi, ya shiga ofis ya nemi hutu. Aka ce sai an tambayi kafil, wanda ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar. Aka ja shi ɗan lokaci, sannan aka ba shi bayan Sallah. Ya ci gaba da zuwa gidan tsuntsaye kowace Juma'a. An wanke ɗakinta an saka wata shirwa da mota ta buge, mai faɗa da cin tsiya, wadda ba ta bukatar a lallashe ta. Mikiyar nan mai ƙonanniyar ƙafa Likita ya ce ba za ta koma daji ba, a nan za ta ƙare kwanakinta, kuma ita an yarda a tsaya a gabanta. Ɗalhatu yakan zauna kusa da ita in ya gama aiki, su yi shiru tare.

Ana saura mako ya tafi ya shiga kasuwar Wakrah da la'asar, cikin lungunan da ke fita bakin teku, ya tsaya a shagon mai mayafai. An rataye su tun daga sama har ƙasa, iska tana shigowa daga ruwa tana kaɗa su, suna shafar fuskarsa. Mai shagon ya tambaye shi wane launi maiɗakinsa take so. Ya ɗaga kai ya kalli mayafan. Ya fito da waya ya kira ta.

"Wane launi kike so? Akwai kore, akwai ruwan goro, akwai wani kamar shuɗi amma ba shuɗi ba."

"A'a," in ji Asabe. "Zaɓo da kanka. In ga ko har yanzu ka san ni."

Ta kashe. Mai shagon ya jawo masa kujera, ya aika a kawo shayi, ya fara sauko da mayafan ɗaya-ɗaya yana shimfiɗa masa a gwiwa.